Muƙamuƙin da Ke Cikin Sheƙa

Doña Hermelinda ba ta fara aiki sai ta watsa shinkafa a bakin taga. Takan ce kafin a taɓa matattu, ya kamata a gaisa da jikokinsu.

Aikinta a tsibirin Floreana shi ne tantance ƙasusuwan da ake tonowa daga kogunan dutse, inda mujiyoyin dā suka amayar da abin da suka ci. Ƙoƙunan kan 'yan tsuntsaye ne masu cin tsaba, wasu irinsu ya ƙare tun ba a haifi kakarta ba. Tana jera su a kiret ɗin ƙwai, kowanne a kan auduga, masu siririn baki nan, masu kauri can.

Guda ɗaya ya ƙi shiga kowane layi, don bakinsa na sama ya fi na kowa faɗi. Masanan da take yi wa aiki suka ce sai an ga muƙamuƙin ƙasa kafin a san ko wani iri ne dabam. Ta daɗe tana tankaɗe ƙasar kogo kafin ta same shi, bai kai farce ba.

Ta ɗora shi kan auduga, ta je sauke kofi. Dawowarta ke da wuya ta ga wata 'yar tsuntsuwa ta fice da audugar a baki, ta nufi itacen ƙayar tsakar gida.

Mijinta, Anacleto, ya yi dariya har da tari.

"Tsohuwa, ai gado ta zo ɗauka. Na kakanta ne."

"Rufe mini baki, tsoho, kawo tsani."

Ta hau, ta leƙa sheƙar, ta sauko a hankali.

"Ina ƙashin?" in ji shi.

"Yana ciki. Da ƙwai a kansa."

"To?"

"To me? Wanda ya yi shekaru aru-aru a kogo zai iya jiran ƙyanƙyasa."

Shekarar kuwa ta zo da ruwa. 'Ya'ya na tashi, uwar ta sake zuba ƙwai. Duk sanda masana suka tambayi ƙashin, sai Hermelinda ta ce masu gida ba su tashi ba tukuna.

Kafin ruwan ya ɗauke, ƙirjinta ya matsa mata. Jirgin ruwan da ya tafi da su asibiti ya dawo da Anacleto shi kaɗai.

Tsanin yana nan jingine. Kowace safiya tsohon yakan watsa shinkafa, ya hau, ya leƙa, ya sauko yana murmushi; har yanzu da masu gida a ciki. A kiret kuwa, kusa da mai faɗin bakin nan, sabuwar audugar da ta shimfiɗa tana jira.