Lantana Mai Doya da 'Yarta Ɗaya da Ta Rage

Duk mai sayen doya a kasuwar Gwagwalada ya san Lantana Yamusa, gajeruwar mace mai ɗaura zanen zumuntar matan coci. Haihuwarta uku, duka da sikila. Timothy ya rasu yana da shekara shida, Precious ko yaye ba ta kai ba. Saura Felicity.

Ranar da aka binne Precious, fasto ya ce mata Ubangiji yana da shiri a kan komai, babu abin da ke faruwa bai sani ba. Ta'aziyya yake nufi, amma maganar ta tsaya mata a ƙirji. In da saninsa biyun suka tafi, me ya shirya wa ta ukun? Tun daga nan, in ana addu'a aka zo inda ake roƙon a yi nufin Allah, sai ta kame bakinta.

Wata Talata da damina aka kira ta daga makaranta, wai Felicity ta faɗi tana riƙe da ƙirji. Ta bar doyarta a shanye ta hau okada. A asibiti ta tarar idanun yarinyar sun yi rawaya, leɓunanta fari fat, kamar yadda na Timothy suka yi a ranarsa ta ƙarshe.

Faston ya iso da rana, ya tsufa yanzu, yana dogara sanda.

"Baba, kada ka ce min akwai shiri," in ji ta. "Tsoronsa nake ji."

Faston ya ce, "'Yata, ban san dalili ba. Da can ma ban sani ba, na dai yi saurin baki. Abin da na riƙe kawai, Ubangiji ma ya ga mutuwar Ɗansa."

Ya zauna kusa da ita a benci har aka gama yi wa Felicity ƙarin jini.

Kwana tara Felicity ta yi, aka sallame ta. Bana ta cika sha bakwai, ta ce aikin nas za ta karanta, a Jos. Takardar neman shiga makarantar na ƙarƙashin katifar Lantana mako uku ke nan. Kullum da safe yarinyar kan tambaya, ita kuma ta taɓa mata goshi ta ce, "Bari mu ga gobe."