Hular Fintan Mulvey

Kilbrannock gari ne da bai taɓa juya wa ɗansa baya ba. Haka shugaban kwamitin wasanni, Cathal Brogan, ya faɗa ran Lahadi, kuma tunda ta lasifika ya faɗa, ba mu da ja.

Wanda ake karramawa, Fintan Mulvey, yana zaune can baya. Kullum da safe za ka gan shi da bokitin farar ƙasa, yana jan gwiwar hagu, yana shata layin filin ƙwallo. Ya kori tumaki, ya ɗinke raga. Shekara talatin yana haka, sai makon nan ya ajiye.

Matasa ba su san cewa bayan yaƙin duniya na biyu tsohon nan ya tsare baya a wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa a arewacin Ingila ba. Ran Asabar ya buga musu, ya kwana amai a jirgin ruwa, Lahadi ya sa koriyar riga ya buga wa ƙasarmu a Dublin, babban birninmu. Mu kuwa muka saka masa daidai gwargwado. A lokacin ƙwallon ƙafa wasan Ingilawa ne, wanda ya buga ko ya kalla akan kore shi daga wasanninmu na gargajiya. Aka kori Fintan. Mai kai tsegumin 'yan kallo wani saurayi ne mai kishin ƙasa, Cathal Brogan.

Mutum ɗaya ce daga garin nan ta je kallonsa: ƙanwarsa Nuala, wadda ta ce wa mahaifinsu asibiti za ta. Ita ya ba hular karammiski da ake ba wanda ya buga wa ƙasa. Tun da ta makance, hular ba ta barin cinyarta.

Fintan, kai ne ka dawo garin da ya kore ka, ka koya wa 'ya'yansa tare ƙwallo da ƙirji, ba ka taɓa yi mana gori ba. Mun gode, Fintan. Masu iyawa su yi koyi da kai. Ni dai ban ga alamarsu ba.

Da Brogan ya gama jawabi sai ya sauko.

"Fintan, ɗan'uwa, hular nan ai ta gari ce. Har akwatin gilashi mun sa an yi mata."

"Ta gari?" in ji Nuala, tana zaune kusa da yayanta da hular a cinya. "Cathal, kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana leƙen 'yan kallo ta katanga?"

"Haba Nuala, abin da ya wuce ya wuce."

"Ta kanmu ya wuce."

Fintan ya sunkuya kusa da kunnenta. "Bari, 'yar'uwa. Yara za su riƙa gani."

Ta daɗe ba ta saki ba. Da ta saki, aka yi tafi sosai, mai hoto ya ɗauki Brogan da hular. Fintan ya kama hannun ƙanwarsa suka nufi gida, ɗayan hannun nata yana ta laluben gaban siket ɗinta.