Raɗar Dada

A gidanmu na unguwar Sintali, idan aka sauke tukunyar tuwo ba a kashe murhu, saboda nan ne zauren tatsuniyar kakarmu Dada. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa da masararsa a kan garwashi. Sai dai cinyarta ta mutum ɗaya ce, Sa'adatu 'yar kawuna. Ni kuwa can baya wajen turmi nake, ina cika ina batsewa, wai kada a ce na damu.

Muryar Dada kamar ta mai gudun tada jariri take. Idan na ce ba na ji, sai ta ce, "Mai gida, kunne ba ya da ƙafa, amma kai kana da ita."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta zakara da kurciya. Wai zakara ya ga duk sa'ad da kurciya ta yi kuka mutane kan yi tsit su saurara, sai baƙin ciki ya kama shi. Ya je wurin boka ya roƙi murya mai tsallake katanga bakwai, aka ba shi. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara matsowa kusa da shi, tunda daga nesa ma ana jin sa. Da ta kai ƙarshe, sai ta sunkuya ta raɗa wa Sa'adatu wani abu. Wannan raɗar ce ta tsaya mini a rai. Na ɗauka ainihin ƙarshen labarin ne ake ɓoye mini, kuma kishi ya ci ni ƙwarai.

Yanzu ina da shagon haɗa bidiyon biki a unguwar Turaki. Kwanan baya sai ga Sa'adatu da wani tsohon bidiyo da mahaifinta ya ɗauka a jajibirin wani suna. Hamma take kirana, wato yaya.

"Hamma Buba, ba a jin muryar Dada. Ka ƙara mata ƙarfi kafin ka sa a faifai, kowane gida ya samu."

Ƙara sauti aiki ne na lallami. Ka ɗaga muryar mutum, kukan gyare da ƙugin janaretan maƙwabta su biyo ta. Na rage su kaɗan-kaɗan har Dada ta fito sarai. Ga ni can wajen turmi, na kifa kai a gwiwa, ina satar kallonsu. Da ta sunkuya, na ɗaga sautin iyakarsa.

"Sauka, ƙafata ta mutu," in ji Dada. "Kira mai gidana ya zauna nan, kullum yana nesa."

Sa'adatu ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ya yi barci, Dada."

Idona biyu a lokacin, na sani. Na so in yi fushi da yarinya 'yar shekara shida, na ma yi. Amma da na sake kallo, taku kaɗan ne tsakanin turmin nan da cinyar Dada, kuma ba wanda ya ɗaure mini ƙafa. Na zauna jiran murya ta tsallako ta same ni, ita kuwa tana jiran in matso.

Na buga faifan, ban taɓa raɗar ba, na bar ta da ƙarfin da na ƙara mata. Bayan kwana biyu Sa'adatu ta kira ni.

"Hamma," ta ce, "ashe ba barci kake ba."