Laƙabin Malama a Sabon Zaure

Fenta ake ce masa, kuma in ka nemi sunansa na yanka a layin da shagonsa yake, sai an yi ta kallon-kallo. Sana'arsa rubuta allon shaguna. Mai aski ya zo, mai kemis ya zo, mai gyaran waya ya zo, kowa da doguwar maganar da yake so a zuba masa a kan ɗan allo. Fenta sai ya saurara har mutum ya gaji don kansa, sannan ya zare fensirin da ke maƙale a kunnensa ya datse maganar ta koma kalma uku. "Allo ba wa'azi ba ne," in ji shi. "Mai wucewa a kan babur ba zai tsaya karanta tarihin kakanka ba." Shagon ɗaki ɗaya ne, warin fenti da kananzir ya kama bangonsa, gwangwanaye jere a ƙarƙashin benci, buroshi a jiƙe cikin tsohuwar kwalba. Rigarsa ta aiki kuwa, matarsa ta daɗe da sallama ta. Ta ce wannan ta wuce wanki, sai dai addu'a.

Yana tsakiyar ƙarfinsa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifiyarsa. Shi ne babba, shi ne kuma na kusa, don haka jinya ta faɗo kansa shi da matarsa. A wannan wahalar ce ya gano wani zaure a intanet inda masu jinya ke haɗuwa, wannan ya tambayi yadda ake juya marar lafiya ba a ji masa ciwo ba, wancan ya zo ya yi kukansa ya tafi. Da Allah ya karɓi tsohuwar, Fenta bai iya barin zauren ba. Sai mutanen suka ce tunda ya ƙi tafiya, kuma ya iya taƙaita magana, to ga aiki: ya riƙa rubuta laƙabi.

Laƙabin ɗan layi ne da ke ƙarƙashin sunan kowa. Mai jinyar uwa. Mai jinyar miji. Mai jinyar ɗa. Amfaninsa gaisuwa: da ka ga laƙabin mutum ka san abin da za ka fara ce masa, wato "Yaya mai jiki?" In kuma aka yi rasuwa, Fenta ne zai yi maza ya mayar da shi "Ta gama jinya" ko "Ya gama jinya", don kada wani ya shigo da kyakkyawar niyya ya fama wa mutum ciwo. Ba ya wasa da wannan ko kaɗan, domin ya ɗanɗana. Bayan rasuwar mahaifiyarsa wani tsohon kwastoma ya leƙo shago da fara'arsa ya ce, "Yaya jikin Inna?" Fenta ya buɗe baki zai amsa, sai kawai ya tsinci kansa zaune a kan gwangwanin fenti yana kuka kamar ƙaramin yaro, bawan Allah nan yana tsaye ya rasa inda zai sa kansa.

Ana nan sai zauren ya tsufa, ya yi wa wayoyi nauyi, ka danna ka je ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba. Masu kula da injinan suka gina sabo, suka kwafe komai a rana ɗaya suka zuba a ciki, sannan suka bar biyun a buɗe har mutane su saba. Tsofaffin 'yan zaure suka ƙi motsi, wai sabon ya cika ƙyale-ƙyale. Sababbin shiga kuwa sabon kaɗai suka sani. Matsalar ita ce, abin da ka gyara a tsohon ba ya fitowa a sabon, dole Fenta ya yi kowane aiki sau biyu. Yakan yi tsaki ya ce wanda ya ce gida biyu maganin gobara, lallai ba shi ke share su ba.

A cikin tsofaffin akwai wadda kowa ke kira Malama, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya. Mijinta ya yi shekara da shekaru a kwance, kuma duk abin da 'yan zauren suka sani game da gyambon kwanciya, da shayar da wanda ba ya iya haɗiya, da yadda ake haƙuri da masifar marar lafiya, rabi daga bakinta suka ji. Ita ce ma ta koya wa Fenta ɗaga mahaifiyarsa da zanin gado ba tare da ya karya bayansa ba. Jim kaɗan bayan an kwafe zauren, mijin nata ya rasu. Fenta ya shiga tsohon zaure ya canja mata laƙabi idonsa na zubar da ruwa, aka yi ta ta'aziyya. A makon ne ya sami aikin rubuta jikin motocin wata makaranta, ya koma ba ya ko cin abinci a zaune. Sabon zaure ya fita daga kansa fit.

Sai bayan 'yan watanni, wata rana da azahar yana jiran shafen farko ya bushe, ya zauna yana dudduba sabon zauren. Wata sabuwar shiga mai kiran kanta Matar Direba ta rubuta, "Malama, barka da asuba, yaya mai jiki?" A ƙasa Malama ta amsa, "Da sauƙi, 'yata. Yau rigima yake ji, ya ƙi shan magani sai da na yi masa barazanar zan kashe rediyo." Fenta ya kalli ƙarƙashin sunanta. Mai jinyar miji. Ya ja allon wayar sama, ya ja, ya ja. Kullum safiya ana tambayarta, kullum tana amsawa. Jiya an yi masa aski. Shekaranjiya ya yi dariya da jikarsa ta zo. Mutumin da Fenta ya san an daɗe da binne shi.

"Inna lillahi," ya ce. "Kai Fenta, ka yi abin kunya." Har ya kai yatsa zai gyara, sai ya ga ya kamata ya fara ba ta haƙuri. Ya kira ta.

"Malama, ni ne. Na yi miki laifi babba. Na manta ban canja miki laƙabi a sabon zaure ba, ana ta fama miki ciwo. Yanzun nan zan gyara."

Ta ce, "Ɗana, ai tun ranar farko na gani. Don Allah ka bar shi."

"In bar shi, Malama?"

"Ka bar mini shi, ko na ɗan lokaci ne."

Ya koma gida da maganar a ransa, ya zayyana wa matarsa tana tsaye tana guga. Ita mace ce da ba ta ɓoye-ɓoye. Ta dangwarar da dutsen gugar ta ce, "Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Kai da kake cika baki ba ka rubuta abin da babu a shago, yau kai ne da allon ƙarya?"

"Wannan ba ƙarya ba ce, kewa ce."

"To ita yarinyar da ke gaishe ta kullum fa? Ita me ta yi?"

Duk da haka Fenta bai canja laƙabin ba. Duk lokacin da ya kai hannu sai ya ji muryar tsohuwar tana cewa don Allah, ya janye hannun.

Ba a daɗe ba maganar matarsa ta tabbata. Matar Direba ta rubuto doguwar magana mai ban tausayi. Mijinta matashi ne, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge shi yana kan ganiyarsa, yanzu ya ƙi motsa jiki, ya juya wa bango fuska, yana cewa gara mutuwa. Ta ce labarin mijin Malama kaɗai ke sa shi juyowa, mutumin da ya yi shekara da shekaru da irin ciwon yana nan yana rigima a kan rediyo. "Don Allah Mama, ki haɗa su a waya, ko kalma ɗaya ce ya ce masa."

Daga ranar Malama ta yi ɗif. Ba ta sabon, ba ta tsohon, waya ma ba ta ɗauka. Matar Direba kuwa kullum sai ta tambaya ko jikin ne ya tashi, sababbin shiga suna ta jero addu'ar Allah ya tashi kafaɗar mamaci. Ga shi kuma an sa ranar rufe tsohon zaure. Tsofaffin nan da suka yi wa Malama ta'aziyya duk za su kwararo cikin sabon, su karanta komai. A cikinsu akwai masu bakin da ba ya da linzami, Fenta ya san su ɗaya bayan ɗaya. In ya canja laƙabin a ɓoye, za a ɗauka yanzu aka yi rasuwar, a sake sabuwar ta'aziyya, tsofaffin su zo su ce yaushe? In ya bari, abin ya fi muni. Ta kowace hanya matar da ta riƙe zauren nan da hannu biyu za ta tozarta a gaban waɗanda ta ɗauka tamkar 'ya'yan cikinta, kuma mantuwarsa ce sila. Abin ya hana shi sakat, har ya rubuta wa wani mai shago harafi a juye, abin da bai taɓa yi ba tun yana ɗan koyo.

Matarsa ce ta gaji da ganinsa haka ta ce, "Tashi mu je. Amma ka cire wannan rigar, kada ka ƙara wa baiwar Allah baƙin ciki."

Da la'asar suka isa. Malama ta buɗe musu ƙofa da kanta, ta rame, tabaranta na rataye a wuya. Ta shigar da su ɗakin da ta yi jinyar, wai ya fi iska. Gadon yana nan a gyare, da ledar nan ta ƙarƙashin zani, da matashin da ake tokare baya. Keken guragu a naɗe a bayan ƙofa. A kan ɗan tebur ga kofi mai tsinken zuƙa, ga rediyon. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka rasa mai farawa.

Malama ce ta fara. "Na san abin da ya kawo ku. Ni da na yi rayuwata ina hukunta yara a kan ƙarya." Ta shafa gefen gadon. "A tsohon zaure kowa ya san ya tafi. Sai dai a ce mini ya haƙuri, ya haƙuri, daga baya ma aka daina, ba wanda ya ƙara ambatonsa. 'Ya'yana in na ɗauko zancensa sai su canja magana, wai kada in yi kuka. Rannan na shiga sabon, yarinyar nan ta ce yaya mai jiki. Wallahi ban yi niyya ba, hannuna ne ya amsa, abin da ya saba. Da na tura sai na ji kamar yana nan bayana yana tari. Duk abin da na rubuta ya faru, ɗana, ba ƙirƙira na yi ba. Askin nan an yi, dariyar nan ya yi. Ranakun ne kawai ba nasu ba."

Fenta ya ce, "Malama, laifina ne."

"Mantuwarka ta ƙara mini kwanaki da shi. Ban riƙe ka ba."

Matar Fenta, mai maganar fure da 'ya'ya, ita ce ta fara ɓarkewa da kuka. Ta tashi ta koma kusa da tsohuwar ta rungume ta, ta ce, "Mama, ba mu labarinsa. Wane irin mutum ne?" Malama kuwa ta ba su. Mutum ne mai taurin kai, mai son gardamar ƙwallo, wanda ko da bakinsa ya karkace bai daina gyara wa masu karanta labarai magana ba. Suka yi dariya, suka share hawaye, suka sake dariya.

Can sai ta sa tabaranta ta jawo wayarta. Fenta ya ce zai iya rubuta mata a taƙaice, ta ce a'a, ita ta ɓata, ita za ta gyara. Ta daɗe tana dannawa da yatsa ɗaya. A fili ta rubuta, inda kowa zai gani: cewa mijinta ya rasu watannin baya, cewa ta ji daɗin tambayar ne ta kasa faɗin gaskiya, kuma tana neman gafarar kowa, musamman Matar Direba. Ta tura. Sannan ta dubi Fenta ta ce, "To, yi aikinka."

Fenta ya ciro wayarsa ya nemo laƙabin. Ya goge, ya rubuta "Ta gama jinya", ya nuna mata. Ta karanta, ta gyaɗa kai, ta kife wayarta a cinya. Tsoro ne ƙarara a fuskarta, kuma shi ma Fenta tsoron yake ji, don bai san abin da yarinyar za ta ce ba.

Suna shirin sallama wayar ta yi ƙara. Malama ta kasa dubawa, ta miƙa wa matar Fenta ta karanta mata.

"Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Mama, ba abin da kika yi mini sai alheri. To ke fa, yaya naki jikin? Wa ke kula da ke?"

Malama ta karɓi wayar. Fenta yana gefe yana gani ta rubuta "Da sauƙi", ta tsaya ta ƙura wa kalmomin ido, sannan ta goge su. Ta share tabaranta da bakin mayafi, ta sake farawa a hankali.

"Babu sauƙi, 'yata, ina jin jiki. Amma turo mini lambarki. Ni zan yi wa mijin naki magana, na san irin taurin kansu."