Littafin da ba shi da hatimi

Ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce Alhamis ɗin da muka tace littattafai a laburaren makarantarmu da ke Garki. Ina aji biyar, ni ce firifet ta laburare. Ga yadda ake yi: a bayan kowane littafi akwai 'yar takardar da ake buga wa hatimi idan an are shi. Wanda ya shekara biyar babu hatimi, sai a sa shi a kwali a fitar.

Misis Dauda, shugabar laburaren, ta miƙo min wani tsohon ƙagaggen labari da aka rubuta tun kafin a ƙera jirgin sama. Labarin mutanen wani gari ne da ambaliya ta cinye garinsu, suka hau injin gawayi zuwa wata duniya. Takardar bayansa fara fat.

"Hauwa, kwali. Gawayi zuwa sama? Zai rikita wa yara kimiyya."

Ni ba mai magana ba ce. Amma na ga gefen shafukan ya yi baƙi saboda yatsu, ga ledar alawa a shafi na tamanin, wadda a makon jiya tana na sittin.

"Ma, ana karanta shi," na ce.

"Wa? Aljanu?"

Falmata ce, 'yar aji ɗaya da ke zuwa daga sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro. Ba ta da katin aro don ba ta kawo hoto ba, sai ta karanta a tsaye lokacin tara. Aka kira ta.

"Me kika gani a ciki, 'yata?"

"Ma, injin ƙarya ne, na sani. Amma da suka sauka, faɗan farko kan inda za a haƙa rijiya ne. Kuma wata tsohuwa ta ƙi yar da makullin gidanta." Ta sunkuyar da kai. "Kakata ma nata yana wuyanta."

Misis Dauda ta cire tabarau ta goge. Ta rubuta wa Falmata kati da hannunta, ta ce hoto ya biyo baya, sannan ta turo min hatimin.

"Buga, firifet."

Na gode wa matar nan, don da ta ga dama ta ce ƙa'ida ce. Ku firifet da kuka karɓi aikin laburare bana, hatimi masu kati kawai yake ƙirgawa. Kafin ku sa littafi a kwali, ku duba gefen shafukansa.