Garkar Jiratawa

Duk sanda mai tallar zogale ta wuce ƙofar gidanmu a unguwar Zariya ta Maraɗi, ƙamshin ɗanyen ganyen nan yakan mayar da ni Jiratawa, cikin garkar kakana da ke bakin gulbi. Da rani, in an saki ruwa, ƙasar wurin takan yi sanyi a tafin ƙafa, albasa da tattasai su miƙe kore shar. Mahaifina ke noma ta. Da ya rasu Inna ta riƙe ta, a cikinta muke ci, a cikinta ake saya mana kayan lakwal, wato makarantar boko.

Kowa yana cewa garkar tamu ce, har kakan da kansa. Sai wata rana a islamiyya malam ya kai mu babin gado. Ya ce jikan da ubansa ya riga kaka rasuwa ba shi da rabo muddin kakan ya bar ɗa namiji. Baffannina uku ne, duk suna raye. Na koma gida na karanta babin, na sake karantawa, ko kunnena ne ya ji ba daidai ba. Haka yake. Amma a gaba na ga mafita: mutum yana iya yin wasiyya ga wanda ba magaji ba, matuƙar ba ta wuce sulusin dukiyarsa ba.

To, wa zai faɗa wa kaka? Ka san mutanenmu. Wanda ya ce wa tsoho ya yi wasiyya, sai a ce ya ƙosa ya ga gawarsa. Inna ko sunan surukinta ba ta kamawa. Saura ni, wadda ko a aji ba na ɗaga hannu. Sai dai ni jika ce, kuma jika kaɗai aka yarje wa ta yi wa kaka wasa da mutuwa.

Na same shi a zaurensa na Maraɗi bayan la'asar, yana jan carbi.

"Amarya, yau mi kika dafa mini?"

Na ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, in ka tafi mi ka bar ma amaryar taka?"

Ya yi dariya har da tari. "Ja'ira! Garka ba ta ishe ki ba?"

"Da baki ka ba ni. Bakin kuwa tare da kai za a rufe shi."

Dariyar ta tsaya. Ina kallon tabarma na zayyana masa abin da na karanta. Ya ce ya san hukuncin tun yana saurayi, bai dai taɓa auna shi a kan gidansa ba.

Ba a yi sati ba ya kwashi baffannina da liman da mai unguwa zuwa Jiratawa. Da sandarsa ya nuna iyakar garkar, daga rijiya har gindin mangwaro. Aka haɗa ta da gidan Maraɗi da gonakinsa na Tibiri, aka ga ba ta kai sulusi ba. Liman ya rubuta wasiyyar bar mana garkar, shaidu suka sa hannu, aka kai wa mai gari ya buga hatimi.

Ƙaramin baffana ya ce, "Baba, ai ba sai an kai ga haka ba. Mu za mu kore su?"

"Ku na yarda da ku. Ɗiyanku fa, ranar da mai saye ya zo?"

Kaka ya ƙara damina da dama kafin ya rasu. Ranar rabo, bayan an biya bashi, garkar aka fara fitarwa, ba wanda ya yi jayayya.

Yau ƙasar bakin gulbi ta yi tsada. Ina ganin ƴan uwa, uwa ɗaya uba ɗaya, suna hawa kabu-kabu daban-daban zuwa gaban alƙali saboda tsohonsu ya ji nauyin magana, su ma suka ji nauyinsa. Mu ba mu san ƙofar kotu ba. Inna ta tsufa, ƙanena ke ban ruwa yanzu. Ita tana zaune a inuwa tana yi masa faɗa kan ya cika wa albasa ruwa, kuma ba mahaluƙin da zai ce mata ta tashi.