Likita Ya Sayi Keke

Duk masana'antar ɗinkin babu mai kiransa da wani suna sai Likita. Bai taɓa riƙe allurar asibiti ba. Marasa lafiyarsa kekunan ɗinki ne, guda arba'in da biyu, jere a dogon ɗakin da ake ɗinka kayan 'yan makaranta. Idan keke ya fara cin zare ko tsallake ɗinki, tela kan ɗaga hannu, shi kuma ya taso daga teburinsa na lungu, da sukundireba a aljihun gaba da 'yar kwalbar mai a hannu. Ba ya gaggawar kwancewa. Sai ya ce, "Taka mu ji," ya karkata kai ya kasa kunne. Sau da yawa kafin a ɗaga ƙafa ya gano inda ciwon yake.

Shekara ashirin da shida yana zuwa aiki a ƙasa, tafiyar da ba ta wuce kwatan awa ba. Ana nan sai mai masana'anta ya samu gini mafi faɗi a ƙetaren layin dogo, aka kwashe kekunan aka koma can. Ba wani nisa ba ne na a zo a gani, amma tafiyar kwata ta koma ta minti arba'in, kuma Likita ya ba hamsin baya. Motar haya kuwa sai ta gama zagaye gari kafin ta bi ta wajen. Wata biyu yana cijewa. Kullum ya dawo sai ya zube a kujerar bakin ƙofa, ya cire takalmi yana matsa diddige.

"Baban yara, ka sayi keke mana," in ji matarsa wata rana, tana miƙa masa ruwa. "Ba sai mai tsada ba. Ɗan wanda zai kai ka ya dawo da kai."

"Kekunan da nake fama da su a wurin aiki ba su isa ba?"

"Waɗancan kai kake ɗauke da su. Wannan shi zai ɗauke ka."

Ya yi dariya, ya ce zai duba. Kafin mako ya zagayo magana ta watsu a dangi, kowa ya zama gwani. Ƙanin matarsa ya zo takanas ya ce kada ya kuskura ya sayi wanda giyarsa ba ta kai ashirin ba. Babbar 'yarsa, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta zauna kusa da shi tana nuna masa hotuna a waya: mai siraran taya, mai kaurin taya, har da wanda ake naɗewa kamar tabarma. Shi dai sai gyaɗa kai yake yi. Abin da ke ransa daban ne, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Likita bai iya hawan keke ba. A gidan da ya tashi babu keke, lokacin da ya samu halin saye kuma gemu ya riga ya fito, kunya ta hana shi koyo. Tun daga nan, duk wanda ya ce zai ara masa, sai ya ce shi ya fi son motsa jini.

Ranar hutu ya sa abin da ya ware a aljihu ya nufi shagon kekuna da ke bayan tasha. Shago ne matsattse mai warin roba, tayoyi rataye a rufi, kekuna jingine da juna har bakin titi. Mai shagon dattijo ne siriri, tabarau a kan karan hanci.

"Sannu da zuwa, malam. Na ina zuwa ina ake nema?"

Tambayar ta burge Likita, domin shi ma ba ya gyara keke sai ya ji irin yadin da ake ɗinkawa da shi. Ya ce na zuwa aiki ne, hanya miƙaƙƙiya, gangare ɗaya kawai a gadar jirgi, kuma aljihunsa ba mai zurfi ba ne.

Mai shago ya fito da uku. Na farko ja ne wur, yana walƙiya, ga giya birjik, kuma shi ya fi araha. Likita ya ɗaga bayansa ya juya feda da hannu, ya karkata kai. Sarƙar na ƙara kamar ana tauna tsakuwa. Ya matsa hannun birki ya ji yana lanƙwasa.

"Wannan kwalliya ce ta biya kuɗin sabulu, ko ba ta biya ba?"

Mai shago ya kalle shi ta saman tabarau. "In don a gani ne, ta biya. In don a hau ne, damina ɗaya zai yi maka."

Na biyu na hannu ne, baƙi, ƙarfen zamanin da, nauyi kamar jaki. Kukansa mai daɗi, amma tayar baya na rawa, kuma ƙarfen tsakiya ya yi tsawo. Na uku shuɗi ne da ya ɗan dusashe saboda zaman shago. Giya ɗaya, madigadi gaba da baya don kare taɓo, kariyar ɗora kaya mai ƙarfi a baya, ƙarfen tsakiya kuma ya yi ƙasa. Likita ya juya tayar. Ta daɗe tana wulwulawa, ba ka jin komai sai ɗan siririn kaskas. Ya duba walda, ya girgiza kan keken bai ji sassauci ba. Ya auna kariya da tafin hannu, ya ga za ta ɗauki akwatin kayan aikinsa.

"Wannan," in ji shi.

"Kunnenka ya fi idon mutane da yawa. Hau ka zaga da shi, ka ji yadda yake."

Likita ya ce ai ba sai ya hau ba, ya riga ya ji. Mai shago ya ɗauko sifana ya sauke sirdi har ƙasa.

"Ko da akwai wani a gida da zai so ya koya da shi," in ji shi, idonsa na kan noti, "a bar sirdin haka, yadda ƙafafu biyu za su taka ƙasa. A cire feda kwana biyu, ya riƙa tunkuɗawa da ƙafa. Kuma ya kalli gaba, kada ya kalli taya. Babba ma yana koya. Na ga wanda ya fi ni furfura ya koya."

"Zan gaya masa," in ji Likita.

Suka daidaita ba tare da doguwar jayayya ba, aka ƙara masa ƙararrawa da kwaɗo. Ya turo kekensa har gida, yana gaya wa masu taya shi murna a hanya cewa sabon abu ba a fara shi da garaje.

Matarsa ta zagaya keken a tsakar gida, ta buga ƙararrawa sau biyu, ta yaba. Sannan ta rage murya.

"Gobe da sassafe mu je filin bayan ma'ajiyar katako. Babu kowa a lokacin."

"Mu yi me?"

"Baban yara, shekara talatin muna tare. Ka taɓa ganin mai son motsa jini da ke tsalle ya koma gefe in an miƙa masa keke? Ni tun ina 'yar shekara tara nake satar na yayana."

Sai dariya ta kama Likita, har ya dafa bango.

Haka suka yi sati guda. Ta ɗaure gyale a ƙugu ta riƙe kariya, shi kuma yana tunkuɗawa da ƙafa kamar agwagwa a tudu. Ranar farko ya faɗi sau biyu, ya kuje gwiwar hannu, ya ce laifin filin ne. "Kalli gaba!" take ta faɗi. "Tayar ba za ta gudu ta bar ka ba!" Rana ta uku aka mayar da feda. Rana ta biyar yana cikin yi mata bayanin cewa kada ta sake shi tukuna, sai ya ji amsarta ta fito daga can nesa. Ya kai ƙarshen fili shi kaɗai, ya rasa yadda ake juyawa, ya shige cikin ciyawa. Da ta iso tana haki ta tarar da shi zaune, wando duk ƙaya, yana murmushi.

"Kin ga gudu kuwa?"

"Na gani. Kunkuru ma ya tsaya yana kallo."

Litinin ta biyu ya ɗaure akwatinsa a kariya ya kama hanya. A gadar jirgi ya sauka ya tura, bai ji kunyar kowa ba. Da ya shiga harabar masana'anta ya buga ƙararrawa, teloli suka leƙo ta taga suna tafi. Mai gadi ya nuna masa wuri a gindin matakala, inda rana ba ta kaiwa, ya ce daga yau nan ne garejin Likita.

Yanzu minti goma sha biyu ke kai shi. Duk ranar hutu yakan kifa keken a tsakar gida, ya goge sarƙa da tsohon buroshi, ya ɗiga mata mai. Gangaren gada ma ya daina sauka, sai dai in iska ta yi masa gaba da gaba.

Abin da bai yi zato ba shi ne hutun rana. A da a kan teburinsa yake cin abin da ya ƙunso, a sanyaye. Wata rana ya duba agogo ya ga awa guda ta ishe shi ya je gida ya dawo. Ya iske matarsa ta miƙe ƙafa tana sauraron rediyo.

"Lafiya? An kore ka ne?"

"Abinci na zo ci, mai zafi."

"Oh ni! Na koya wa mutum keke, na jawo wa kaina girkin rana."

Tana mita tana ɗora tukunya. Shi kuwa ya wanke hannu, ya jawo kujera kusa da ƙofar kicin, ya fara ba ta labarin wani keken ɗinki da ya wahalar da shi tun safe, ashe guntun allura ne ya maƙale a ƙarƙashin ƙoshiyar zare.